Tabon Mai a Rigar Baba Tela

Shekara arba'in Baba Tela yana ɗinki a ɗan shagonsa na bakin titi, kuma a duk shekarun nan bai taɓa ɗaga abin da ya fi dutsen guga nauyi ba. Mutum ne ɗan firit, mai tsabta kamar mage. Ko zare ne ya maƙale a farar rigarsa, sai ya tsince shi kafin ya amsa maka sallama.

Wata safiya matarsa ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Aka sallamo ta daga asibiti da keken guragu, aka ce kullum a riƙa ɗaga ta daga gado ana zaunar da ita, in ba haka ba bayanta zai yi gyambo. 'Yarsu guda ce, tana aure nesa. Ranar da ya fara gwadawa, su biyun suka zube tsakanin gado da keke, daidai lokacin da yayanta ya shigo.

"Tela, ba zan zuba ido ka karya min ƙanwa ba," in ji yayan. "Nan da mako uku zan dawo da mota. In ka iya ɗaga ta, ta zauna. In ba ka iya ba, gidana akwai majiya ƙarfi."

Gidan yayan tafiyar yini guda ce. Baba Tela kuwa, in ba matar nan ce ta ce masa ya ci abinci ba, mantawa yake yi.

Sai ya kwance kan tsohon keken ɗinkinsa, baƙin ƙarfe mai naso da mai, ya fara motsa jiki da shi. Kowace safiya sau talatin. Ƙafafu a sandare, baya a lanƙwashe kamar yana yanka yadi a tebur, hannuwa a miƙe can gaba don kada mai ya taɓa masa riga. A rana ta biyar bayansa ya ce ƙas.

Mai Siminti, tsohon ɗan dako na shagon kayan gini da ke maƙwabtaka, shi ya tarar da shi kwance cikin ƙyallaye.

"Baba Tela, allura ce ta faɗi?"

"Bayana ne. Don Allah ka rufa min asiri, za a tafi da ita."

Likita ya ce tsoka ce ta murɗe, a huta mako guda. Matan maƙwabta suka riƙa shigowa suna juya mara lafiya, shi yana kwance a ƙasa yana ƙirga kwanaki da yatsu, hawaye na gangara masa cikin kunne.

"Malam," in ji matar da bakinta da ya karkace, "ka bar ni in tafi. Guragu biyu, keke ɗaya, ai ba zai ishe mu ba."

Bai yi dariya ba. Yana samun miƙewa ya ja ƙafa zuwa wurin Mai Siminti, saura kwana tara.

"Nuna min yadda kake yi," in ji Mai Siminti. Da ya gani sai ya dafe kai. "Wannan ai ba motsa jiki ba ne, neman makara ne. Shekara talatin ina ɗaukar buhu, ka taɓa ganin na dafa ƙugu? Da cinya ake ɗagawa. Ware ƙafa. Sauka kamar za ka zauna a kujera. Ƙirji sama, ba ɗinki kake ba!"

Kwana uku bai bar shi ya taɓa komai ba, sai sauka da tashi hannu wofi. Sannan dutsen guga. Sai a rana ta shida ya turo masa kan keken.

"Rungume shi."

"Zai ɓata min riga."

"To zaɓi, rigar ko matar."

Baba Tela ya runtse ido, ya manna baƙin ƙarfen a ƙirjinsa, ya miƙe. Cinyoyinsa suka yi ta rawa, amma bayan bai ce uffan ba.

"In za ka juya, taka da ƙafa. In ka murɗa ƙugu, ƙasa za ka koma."

Ranar da yayan ya zo, ko kashe mota bai yi ba. Ya tsaya a ƙofar ɗaki yana kaɗa makullin gidansa. Baba Tela ya zaunar da matar a bakin gado, ya taka birkin keke, ya tokare gwiwoyinta da nasa. Ya sauka, ƙirji sama, ya rungumo ta tsam a gaban yayanta, abin da kunya ba ta taɓa barinsa ya yi ba. Ya yi bisimilla ya miƙe da ita. Taku ɗaya, taku biyu, ya zaunar da ita.

"Malam," ta ce, "warin man keke kake."

"Sake yi in gani," in ji yayan.

Ya mayar da ita gado, ya sake. Yayan ya daɗe yana kallon baƙin tabon da ke ƙirjin rigar, sannan ya fita ya kashe motar, ya dawo ya tambaya ko akwai shayi.