Ranar da Aka Ba da Rumasa'u Gyara

Wata rana da yamma na leƙa filin ƙwallon kwandon unguwarmu a Zariya, na tarar an jera 'yan matan ƙungiyar jikin bango kamar masu jiran allura.

Ashe musaya ake yi.

Mai ƙungiyar, Alhaji Tanimu, dillalin hatsi ne. Ya ƙwallafa rai sai ya kawo Lantana, tauraruwar wata ƙungiya a Kano. Kocin Kanawan ya ce shi matasan 'yan wasa yake so a madadinta.

Alhajin nan bai taɓa kallon wasa ɗaya har ƙarshe ba. Amma ranar shi ne masani.

Ku toshe hanci ku karanta, haka yake magana:

"Ehem! Wannan doguwa ce, ta kai rabin Lantana. Ehem! Wannan ma, dubi hannu kamar muciya."

Koci ya ce a ƙara. Alhaji ya ce albarka. Koci ya nufi mota, aka janyo shi. Wallahi kamar cinikin buhun masara.

Aka tsaya a kan dogaye biyu. Ana shirin tafawa sai kocin ya ce:

"Alhaji, ba gyara?"

Alhaji ya nuna ta ƙarshen layi da baki.

"Haɗa da 'yar guntuwar can."

Gyara fa, jama'a! Irin ɗan attarugun da mai kayan miya ke jefa miki a leda.

'Yar guntuwar ita ce Rumasa'u, shekararta sha bakwai. Ita ke raba ƙwallo. Duk abin da dogayen nan suka jefa a kwando, daga hannunta ya fito. Da ƙyar mahaifinta ya bar ta take wasa, shi ma don filin a bayan gidansu yake.

Ta matso, ta ce:

"Baba Alhaji, babana ba zai bar ni zuwa Kano ba. In ka cire ni a nan, na gama wasa ke nan."

"Ehem! An riga an tafa. Yaya ma sunanki?"

Ta ajiye ƙwallon a ƙasa a hankali, ta fita.

Ni kun san bakina ba birki. Na bi kocin har mota.

"Malam, ba ka ji kunya ba? 'Yar mutane ce gyara?"

Ya yi dariya. "Ƙanwata, ita na zo ɗauka. Da na ambaci sunanta, da Alhaji ya farga ya hana."

Kun ji fa. Ɗaya bai san darajarta ba, ɗaya ya sani ya ɓoye. A cikinsu ba wanda ya tambaye ta.

Sau biyu kocin yana zuwa roƙon mahaifinta. Dattijo ya ce a'a. A nan kuma ba ta da damar bugawa, an riga an yi mata rajista a can.

Wata huɗu ke nan sunanta na Kano, ita tana Zariya, ba ta sake shiga wasa ba.

Darasi: Kafin ku yanke wa yarinya daraja, ku zauna ku kalli wasanta. Kafin ku tafa a kanta, ku tambaye ta ko za ta iya tafiya.

Ku tura wa duk mai ƙungiyar da kuka sani. Musamman masu "Ehem".