Motar da Take Mutuwa a Ƙofar Gidan Baba Ilu

A gidanmu na Kibiya, da an idar da magariba an ci tuwo, sai mu kewaye murhun Iya, kakarmu ta wajen uba. Takan tura dankali cikin rushi, ta jingina da bango ta miƙe ƙafa. Cinyarta kuwa ta mutum ɗaya ce: ƙanwata Hadiza. Sunan mahaifiyar Iya aka sa mata, don haka "Uwata" take kiranta, kuma dankalin da ya fara nuna nata ne. Ni da na girme ta da shekara biyu sai in koma gefen da hayaƙi yake bi, ina kallon yadda Iya take ɓare mata ɓawo tana hura mata.

Wata rana na kasa daurewa na ture hannun Hadiza, dankalin ya faɗa toka. Iya ba ta yi mini faɗa ba. Ta dube ni ta ce, "Matso, Binta. Yau ba tatsuniya zan yi ba, wannan da ni aka yi shi."

Ta ce lokacin da kakanmu Malam Sabo ya sayi tsohuwar akori-kura yana ɗaukar albasa da tumatir zuwa Rano, yayansa Baba Ilu ko kallon motar bai zo yi ba. Shi gyaran injin ban-ruwa yake yi a zaurensa, keke kawai gare shi, kuma kowa ya san abin ya tsaya masa a rai.

Motar ba ta daɗe ba ta tsiri wani hali. Tana gudu lafiya a hanya, amma da ta zo ƙofar gidan Baba Ilu sai ta yi tari ta mutu. A yi ta murza makulli a banza, sai ta huta kamar tsawon shan fura kafin ta tashi da baƙin hayaƙi. Makanikan Rano suka sauya fulogi, suka wanke tanki, wani ya ce ruwa ne a cikin mai. Duk ba ta daina ba. Sai magana ta fara yawo cewa Ilu ne ya binne wani abu a ƙofarsa. Malam Sabo ya daina gaishe shi. Yaran gidajen biyu aka hana su cin abinci tare.

"Ni ma na yarda," in ji Iya. "Har rubutu na karɓo na yayyafa wa tayoyinta."

Wata ranar kasuwa motar ta sake mutuwa a nan, kwandunan tumatir cike a baya, rana tana dukansu. Iya tana zaune a gaban motar za ta je duba mahaifiyarta. Baba Ilu ya fito daga zaure ya ce, "Sabo, buɗe bonet."

"Yaya, ka bar ni da abin da ya same ni."

"Na ji abin da ake faɗa. Gaskiya ne na ji zafin motar nan, har yanzu ma ina ji. Shi ya sa ba ranar da za ka wuce ban kasa kunne ba. Kafin ta mutu muryarta tana yin nauyi, warin fetur yana shigowa har inda nake zaune. Ba yunwar mai take yi ba, shaƙewa take yi."

Ya zare fulogi ɗaya ya nuna masa: baƙi ƙirin, jiƙe da fetur. Ya ce da mai ne ba ya isowa, a bushe za a same shi. Sannan ya kwance murfin kafireta, ya ciro wani ɗan gwangwanin tagulla da yake iyo a kan mai, wanda idan ya taso yake toshe hanyar man. Ya girgiza shi a kunnen ƙanensa, suka ji fetur yana motsi a ciki. Ashe gwangwanin ya huje, ya yi nauyi, ba ya tasowa, mai yana ta kwarara ba tsayawa. A guje injin yana iya ƙone shi, amma da an rage gudu sai ya fi ƙarfinsa.

"To me ya sa sai a ƙofarka?"

"Duk hanyar nan ina kake taka birki in ba nan ba? A da don ka gaishe ni, yanzu don ka harare ni."

Ya tsiyaye man, ya liƙe hujin da dalma, motar ta tashi a murza ɗaya. Iya ta ce Malam Sabo ya durƙusa a bainar jama'a ya nemi gafara.

Na tambaye ta ko daga nan Baba Ilu ya daina jin haushin motar. Ta yi dariya ta ce, "Ina fa. Har ya rasu bai taɓa shigarta ba."

A lokacin ban ga abin da ya haɗa ni da labarin ba. Na ma ƙara jin haushi, don a cinyar Iya Hadiza ta saurare shi.

Mun girma, Hadiza ta auri ɗan kasuwa a Kano, ni ina koyarwa a firamare a Rurum. Ba zan ce zuciyata ta wanke ba. A wani biki ta zo da tsohon ciki, mata suna ta yaba leshinta, ni kuwa idona yana kan takalminta, ina ayyana kuɗinsa. A nan na ga igiyar takalmin ta nutse cikin naman ƙafarta saboda kumburi, zoben hannunta ma ya shige. Ta ce kanta ne yake ɗan sarawa, gajiya ce. Na tsaya a kan sai mun je asibiti. Aka ce jininta ya hau sosai, aka kwantar da ita, bayan kwana uku aka ciro yaron da rai.

Tun daga nan nake tunanin cewa mai jin zafinka yana ganin abin da masoyanka ba sa gani, abin da ya rage masa kawai shi ne ya faɗa ko ya yi shiru. Har yau Hadiza tana gaya wa mutane cewa duk taron nan yayarta ce kaɗai ta kula da ita. Ban taɓa gaya mata dalilin da ya sa nake kallon ƙafarta ba.