Wayar Kawu Habu da ta iya Hausa

Ku da kuka san Kawu Habu mai atamfa, kun san ba ya taɓa wayarsa sai ya yi mata sallama. Zai zaro ta daga cikin tsohuwar safar ƙafa, ya goge fuskarta da hannun riga, ya ce, "Salamu alaikum, mutuniyar." Ni 'yar ƙanwarsa ce, kuma har ga Allah abin nan ya sha ba ni haushi a gaban masu ciniki.

Dalilinsa ɗaya ne. Shekara da shekaru yana rubuta saƙo da ita, har ta haddace kalmominsa, yana fara kalma tana ƙarasa masa. Jikokinsa kuwa, ya yi musu Hausa su amsa da Sango, yaren garin nan, abin yana ci masa rai ƙwarai. Yakan ce duk gidan ita kaɗai ke jin maganarsa.

Da ɗansa ya aiko masa da sabuwa fil daga Duwala, juya ta kawai ya yi.

"Ta iya Hausa?"

"Kawu, za ta koya."

"A tsufan nan zan buɗe makaranta? Mayar da ita kwalinta!"

To, sai mutuniyar ta fara ciwo, tana ɗaukewa tana dawowa. Na ja shi zuwa rumfar Serge, mai gyaran wayar nan ɗan unguwar Miskine. Serge ya ce sai an yi mata filashin, wato a goge komai a sake zubawa. Kawu ya miƙe tsaye.

"A wanke mata ƙwaƙwalwa? Kai a wanke taka mana!"

Da ƙyar Serge ya lallashe shi, ya ce zai fara juye duk manhajar da ke tafiyar da wayar, da abin da ta haddace, a kan ɗan katin ajiya da ake kira memori. Kawu ya ɗora memorin a tafin hannu yana harararsa.

"Hausar tawa duka a cikin wannan ɗan farcen? Ko karin maganata ba zai ɗauka ba."

Ana fara juyewa ya ja benci ya tare ƙofar rumfa. Duk wanda ya zo da ƙarfin murya sai ya ɗaga masa hannu: "A hankali, bawan Allah, ana juye rai!" Har ɗan acaɓa ya sa ya kashe mashin.

Rashin haƙuri kuwa, wa ya kai Kawu? Ana gama filashin, kafin a mayar da abin da ke memori, ya fizge wayar ya rubuta wa yayarsa Hajiya Balaraba, wadda tun rasuwar matarsa take damunsa ya sake aure: "Alhamdulillahi, an samu lafiya." Ashe wayar ta koma Faransanci, ta gyara masa rubutu. Abin da ya isa wurin Hajiya shi ne, "an samu Laetitia", sunan mace ke nan.

Nan take ta kira, muna jin guɗarta daga bakin titi.

"Masha Allah, Habu! 'Yar gidan wa ce? In sa a sayo goro?"

Kawu ya ajiye wayar a gaban Serge kamar garwashi. "Maza mayar mata da hankalinta kafin a ɗaura min aure!"

Hankalinta ya dawo tsaf. Ranar ce kaɗai na ji Kawu ya yi Sango da son ransa, ya riƙe hannun Serge yana ta "singila mingi", godiya kamar ba zai daina ba.

Ranar da ya rasu, ni aka miƙa wa wayar in sanar da mutanensa. Na rubuta "Allah", ina nufin in ce ya yi wa Kawu rasuwa. Sai ta kawo min "ya". Na taɓa, ta kawo "shirya", sannan "min", sannan "jikokina". Na zauna a ƙasa na yi kuka sosai.

Allah ya karɓi wannan addu'ar taka, Kawu. Ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da masu jin maganarka.