Bututun Baban Bene

Lokacin da muke zaune a Fadikpe, wani dattijo ɗan kudancin Kaduna ya kama hayar benen da ke kallon gidanmu. Kullum da la'asar sakaliya sai ya kafa wani farin bututu mai ƙafa uku a baranda, ya manna ido. Mu kuwa banɗakunanmu ba rufi. Ai kuwa unguwa ta ɗauka: tsoho na leƙen mata! Magana ta kai kunnen mai benen, ya ce dattijo ya kwashe kayansa ƙarshen wata.

Ni dai abin bai kwanta mini ba, don bakin bututun sama yake kallo. Ga ni da son ganin ƙwaƙwaf, Allah ya shirye ni. Na yafa gyale na hau.

"Baba, wai me kake leƙe?"

"Zo ki gani, 'yata."

Ya ce madubin hangen nesa ne. Ya daɗe yana aiki a wani gidan nazarin taurari, shi ke goge manyan madubai, da zai bar aiki aka ba shi wannan ƙaramin. Na ce a'a, juya shi gidanmu tukuna. Wallahi ban ga komai ba sai dishi-dishi.

"Ba ya ganin na kusa," in ji shi. "Kamar ni."

Sai ya saita mini wata, wanda ya riga magariba fitowa. Kai! Ramuka na gani, manya da ƙanana, har da inuwarsu. Tsigar jikina ta tashi, tausayin tsohon kuma ya kama ni.

Na san mai benen ba ya tsallake maganar mahaifiyarsa. Washegari na lallaɓo Hajiya, tsohuwa mai zanen ciwon agana a fuska tun yarinta. Tana hawa tana mita, gwiwa na ƙara.

"Ke, idan shirme ne sai na ci mutuncinki."

Ta sa ido. Har ladan ya kira salla ba ta ɗago ba. Can ta shafa kumatunta a hankali.

"Ashe watan ma ya yi agana," ta ce. "Kuma duk duniya na cewa kyakkyawa ne."

Ta gyara mayafi, ta dubi dattijon.

"Malam, ba inda za ka. Gobe ma zan zo, ka ajiye mini kujera."