Ƙofar Ran ta Tsinken Ashana

Ku matso, jikokina, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba na Gizo ba ne, ni ce a ciki.

A unguwar Gwallaga nake da ɗan teburina, ina sayar da ashana da sabulu, ban taɓa ɗaukar allurar wani ba. Maƙwabcinmu Baba Bulus, tsohon kafinta, shekara shida yana gina kwaikwayon Ƙofar Ran, ta ganuwar garinmu, da tsinken ashana. Tsawonta ya kai gado. Abin da ya hana ni sakat shi ne saman ƙofar, ya lanƙwashe kamar baka, ba ginshiƙi a ƙarƙashinsa.

Na ce, "Baba, asiri ne?"

Ya yi dariya. "'Yata, asirin da ke ciwon baya? Zauna ki gani."

Ban zauna ba, ni mai gaggawa ce. Na ce zan gwada tawa a ɗaka. Sai na fara zare tsinke uku-uku daga kowane kwalin da zan sayar. Wa ke ƙirga ashana? Ginina ya rushe, amma hannu ya riga ya koyi zara. Daga tsinke sai cokalin maƙwabta, sai zanen da aka shanya a igiya, har kwallar wata amarya.

Ranar da Baba Bulus da matarsa Mama Saratu suka tafi biki ƙauyensu, ni suka ba mabuɗi. Na kinkimo ƙofar nan zuwa ɗakina, na sa wuƙa na farke samanta don in ga abin da ke riƙe da ita. Wallahi babu komai! Tsinke ne kan tsinke, sai gam. Na yi, na yi in mayar, sai ta zube mini a cinya.

Wautata ɗaya: na share ɓaraguzan na zuba a juji bayan gida. Da suka dawo, Mama Saratu ta tsinci tsinke guda a wurin, an yanke kansa an goge shi sumul. Ta ce, "Wannan hannun mijina ne." Aka bincike ɗakina. Kowace mace a layinmu ta ga kayanta. Alƙali ya ba ni shekara biyu.

Watana uku a gidan yari aka ce ina da baƙo. Baba Bulus ne, da ƙunshin tsinkaye da gwangwanin gam. Bai zage ni ba. Ya jera tsinke biyar a tafin hannunsa, kowanne ya jingina da ɗan'uwansa. Ya ce, "Shi ke nan fa. Da kin zauna, da yini ɗaya ya ishe ki."

Yara, abin da ya ba ku mamaki, ku tambaya, ku zauna a nuna muku. Kada ku zari ko tsinke.

Mama Saratu ta koma ƙauye, sai da ta tsufa ta amsa gaisuwata. Baba Bulus ya rasu yana rabin ƙofa ta biyu. Ni kuwa na fito, na bi gida-gida neman gafara, sannan na ƙarasa masa ita. Shekara tara ta ci mini. Kowane kwali saya na yi.