Ranar da Inna Ta Dafa Shinkafar Baba

Da damina ne, shekara ta biyu bayan an mai da Jalingo babban birnin jiha. La'asar ta yi, hadari ya haɗu ya ƙi zuba, ni kuma ina tsugune a madafar gidanmu a Sintali ina yi wa Inna fifitar gawayi. A ɗaki ƙanwata Hauwa tana kwance, ta rame har wuyanta ya fito. Tun da Baba ya rasu a hatsarin mota ta daina cin abinci, ko kunu aka ba ta sai ta kau da kai. Abu ɗaya take nema: "Shinkafar Baba."

Baba direba ne. Duk sanda aiki ya kai shi Yola, yakan dawo mana da biriyani a kula daga shagon wani Ba'indiye. Shinkafa ce wara-wara, wani gefen fari wani rawaya, nama a ɓoye a ƙasa, ga ƙamshin da ke riga shi shigowa gida. Inna ba ta taɓa ganin yadda ake dafa ta ba. Ta gwada a baya, abin ya fito kamar dafa-duka, Hauwa ta shinshina ta juya wa bango fuska.

A ranar Inna ta sake haɗa kanumfari da citta da kirfa da kurkum, ta tsaya tana kallon naman ba ta san ta inda za ta fara ba. Dada, mahaifiyar Baba, tana gyangyaɗi a tabarma ƙarƙashin mangwaro. Makauniya ce, kuma ba ta taɓa sa abincin nan a baki ba, cewa take yi yana warin magani. Sai muka ji ta yi gyaran murya sau biyu, irin yadda Baba yake yi a bakin zaure.

"Malama," in ji ta, idanunta a rufe, "jiƙa naman a kindirmo tukuna."

Ludayi ya faɗi daga hannun Inna. Duk duniya Baba kaɗai ke kiranta Malama, shi ma sai in yana tsokanarta. Kajin gidan suka yi tsit. Dada ta ci gaba a hankali, muryarta ta yi kauri: a soya albasa har ta yi ja, a tsame shinkafa kafin ta nuna, a jera ta bisa naman, a liƙe murfin da kwaɓin fulawa, a ɗora garwashi a kai. Inna tana yi tana hawaye, ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya. Ni dai na kasa ɗaga kai daga mafici.

Da aka ɓalle murfin, Hauwa ce ta fito da kanta tana dafa bango. Ta zauna ta ci har ta nemi ƙari. Da Dada ta farka muka tambaye ta, sai ta yamutsa fuska ta ce wane ne ya cika mata gida da warin magani.

Inna ba ta ƙara dafa ta ba, ba ta kuma yarda a yi zancen ba har ta bar duniya. Yau Hauwa tana da jikoki, biriyani kuwa yara kan yi odarsa ta waya a kawo musu har ƙofa. Nakan ci in yaba, amma ban taɓa gwada dafawa a gidana ba. Tsoro nake ji kada in ji muryar Baba ta kira ni, ina kuma tsoron in ji shiru.