Rijiyar da Na Ɓoye a Gidan da Na Sayar

A shekarun da zan ba ku labari, ni mai suyar ƙuli-ƙuli ce da sayar da man gyaɗa a Kazaure, mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya mata biyu, kuma ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba. Baki kuwa ina da shi. Duk unguwarmu an san ba a taka ni in yi shiru, ina kuma bugun ƙirji cewa ni ba na ɓoye gaskiya a gaban kowa. Wannan bugun ƙirjin shi ya fi ba ni kunya yau.

Da aka raba gado a kotu, gidan ya faɗo mana ni da 'ya'yana. Duk sun yi aure, babbar tana Babura, ta matsa mini in sayar in koma kusa da ita. Takardu kam babu wadda na rasa. Akwai ta rabon gado, akwai ta cinikin farko mai hatimin dagaci, akwai ta ƙaramar hukuma, duk a ƙulle cikin leda a ƙasan akwatina. Abu ɗaya ne ba ya cikin kowace takarda: tsohuwar rijiya a kusurwar gabas ta tsakar gida. Da ta ƙafe, marigayi bai cike ta ba. Azara ya jera a bakinta, ya zuba ƙasa ya daɓe. Shekara da shekaru muna shanya gyaɗa a kai, baƙo ba zai taɓa ganewa ba. Ni na sani, don ni na riƙa miƙa masa azarar.

Dillali ya kawo wani malamin firamare ɗan Roni da aka yi wa canjin aiki zuwa Kazaure. Ya zo da mahaifiyarsa, tsohuwa mai fara'a da idonta ya fara rauni. Tun kafin su shigo dillalin ya ja ni gefe ya ce kada in kuskura in tayar da zancen rijiya, in ba so nake gidan ya shekara ba mai tayawa ba. Muna zagayawa malamin ya tsaya daidai kan wurin, ya ce wa tsohuwar nan zai gina mata ɗaki don ta riƙa samun hantsi. Ya juyo ya tambaye ni, yana ce mini Baba, ko wurin yana riƙe ruwa da damina. Na ce ko kaɗan. Ban yi ƙarya a kan ruwa ba, na dai haɗiye sauran. Tsohuwar ta kama hannuna ta ce ƙanwata, Allah ya sa inda za ki ya fi nan albarka.

Ranar sa hannu a zauren mai unguwa, mai unguwar ya yi abin da ya saba yi wa duk mai sayar da gida. Ya tambaye ni a gaban shaidu ko akwai magajin da bai yarda ba, ko akwai rigimar iyaka da maƙwabta, ko akwai rijiya ko tsohon masai da aka binne. Biyun farko na amsa da gaskiya. Na ukun sai na ɗaga murya na ce, ransa ya daɗe, ko so yake in tone gidan da farce in nuna masa. Aka kwashe da dariya, ya ce wannan bakin nawa ko alƙali sai ya shirya. Aka rubuta, aka karanta, na dangwala yatsa.

Damina biyu aka yi. A ta uku azarar ta ruɓe. Da hantsi tsohuwar tana zaune kan dardumarta tana jan carbi, daɓen ɗakin ya rufta da ita. Maƙwabta suka zaro ta da igiya, ƙugunta ya karye. An kai ta asibiti, an gwada mai ɗori, ba ta sake takawa ba.

Malamin ya zo har Babura, inda na koma, da takardar cinikin a aljihu. Na shirya masa faɗa, na zaci sammaci ya kawo. Sai ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce ba ƙara ya zo yi ba, abu ɗaya yake son ji daga bakina: na san da rijiyar? Na dube shi ido cikin ido na ce ni jahila ce, ban san abin da aka rubuta ba, harkar gida kuwa ta maza ce, marigayi bai taɓa faɗa mini ba. Ya ce to Baba, Allah ya bar zumunci, ya tashi. Ko ruwan da na ajiye masa bai sha ba.

Ina da shekara hamsin da ɗoriya na shiga makarantar yaƙi da jahilci. Da na fara haɗa baƙi, malamarmu ta ce kowa ta kawo wata takarda daga gida ta gwada karantawa. Na buɗe akwati, hannuna ya faɗa kan kwafina na cinikin. Na bi shi da yatsa har na iso layin da ya ce mai sayarwa ta tabbatar babu rijiya ko rami a gidan. A ƙasa ga dangwalena, baƙi ƙirin. Jahilcin da na daɗe ina fakewa da shi ya ƙare a ranar. Ban kai takardar aji ba, mota na hau zuwa Kazaure.

Na tarar tsohuwar ta rasu wata bakwai da suka wuce. Na faɗa wa malamin komai a tsaye a ƙofar gida, har da azarar da na miƙa. Ya ce ai tun ranar da ya zo Babura ya gane. Ya ce 'yan'uwansa sun so a kai ni kotu, tsohuwar ce ta hana, tana kwance tana cewa a ƙyale ƙanwarta, baiwar Allah ba ta sani ba, ita ma rufe ta aka yi. Har ta rasu a kan haka take. Ya ce nasa haƙƙin ya yafe, na mahaifiyarsa kuwa ba a hannunsa yake ba.

Don haka nake rubuto muku da hannuna, duk da rubutun nawa a karkace yake. Mai sayar da gida, cikar takardu ba ita ce cikar amana ba. Faɗi abin da ke ƙarƙashin ƙasa, faɗi bangon da ya tsage aka shafe, faɗi magajin da bai sa hannu ba, ka sa a rubuta, ko da ciniki zai watse. Mai saye kuma ka tambayi tsofaffin maƙwabta, kada dariyar zaure ta ishe ka. 'Yan'uwana mata, kada wadda ta ce ba ta iya karatu ba alhali ta san abin da ta binne. Ni na faɗi haka an yarda da ni, kuma wadda ta fi kowa yarda ta tafi kabari tana kare ni, ban samu na ce mata na sani ba.